Maginin Rumbu da Kafofin Motarsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye na gindin dutse, sunansa Irmiya. Dattijo ne a ikilisiya, manomi ne kuma kamar kowa, amma abin da ya ɗaukaka sunansa a ƙauyukan kewaye shi ne ginin rumbu. Idan Malam Irmiya ya gina rumbu, ya yaɓe shi da laka da kashin shanu, to, ɓera sai dai ya zagaya ya koma, gara kuwa ta nemi gidan wani. Al'adarsa ce, in ya gama gini, ya shiga ciki da tsakar rana, a rufe masa bakin da faifai, ya zauna cikin duhu yana juya ido. Duk inda ya ga haske ya ratso, ko da bai fi tsinin allura ba, sai ya sa alama da gawayi, ya fito ya liƙe. Shekara arba'in ya yi yana wannan aiki, har ya zama a wurinsa kafa da ɓarna abu ɗaya ne. A sha'anin rumbu kuwa, gaskiyarsa ce.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya kama matarsa Rifkatu. Majami'arsu tana hayin rafi, asibiti kuma yana can cikin gari, inda likita ya ce ta riƙa zuwa kowane wata. Tafiyar ƙasa ta gagare ta, hawan babur ma ya gagare ta, gama ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Shekara guda cur ta yi tana zaune a ƙofar ɗakinta ran Lahadi, tana jin ƙararrawa daga nesa, tana rera waƙar sujada ita kaɗai. Abin ya dami Malam Irmiya ƙwarai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, domin shi ba mutum ne mai faɗin damuwarsa ba. Sai ya sayar da shanunsa na huɗa, ya rabu da gonarsa ta fadama, ya tafi gari ya komo da wata farar mota akori-kura. Ba sabuwa ba ce, amma lafiyarta ƙalau. Ran Lahadin farko da ya kawo Rifkatu har ƙofar majami'a, matan zumunta suka fito da guɗa, suka tallabe ta suka shigar da ita. Kowa ya sani ba shi da wasu shanun da zai sayar. Wannan mota ita ce ƙafar Rifkatu, in ta mutu, zaman ƙofar ɗaki ya dawo.

Saboda haka ya ƙudura a ransa zai kula da ita yadda ba a taɓa kula da wata mota ba. Wata safiya ya wanke ta, ya shimfiɗa tabarma, ya kwanta rigingine a ƙarƙashinta domin ya duba cikinta kamar yadda yakan duba rumbu. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A jikin dogayen ƙarafan nan biyu da dukan motar ke zaune a kansu, ga huji nan a jere, wani kamar kwabo, wani dogo kamar ƙwayar dabino. Ya fito ya buɗe ƙofa, ya shafa ƙarƙashinta, ya ji wasu 'yan kafofi uku. Ya duba ɗaya ƙofar, haka. Ya duba bayan motar inda ake loda kaya, can lungu ma akwai.

Ya miƙe tsaye, ya kaɗe rigarsa, ya kira matarsa, ya ce, “Uwar Talatu, zo ki ga aikin mutanen da ake ce musu masu ilimi. Abu mai daraja haka, a sake shi duk ɓula, sai ka ce rariya!”

Rifkatu ta ce, “Maigida, ko da dalili suka bar su?”

Ya ce, “Dalilin shi ne gaggawa da rashin tsoron Allah. Ni na san abin da kafa take yi wa gini.”

Sai ya aika aka kawo masa kwalta, ya narkar da ita a tsohuwar tukunya, ya yayyaga tsummoki. Kwana uku yana aiki. Kowace kafa ya cusa mata tsumma, ya bi da kwalta, ya shafe da bayan cokali har ta yi sumul. Waɗanda ke ta sama, tsakanin ƙarfe da jikin mota, hannunsa bai kai ba, idonsa ma bai gan su ba. Amma na ƙasa duka, bai bar ko ɗaya ba.

A rana ta uku sai ga Barnaba ya biyo ta ƙofar gidan a kan kekensa. Shi wannan Barnaba tsohon bakanike ne mai gareji a bakin kasuwa, kuma taubashin Malam Irmiya ne, wato uwarsa da uban Irmiya ciki ɗaya suka fito. Bisa ga al'ada, tsakaninsu sai wasa da tsiya. Tun suna yara ba su taɓa gamuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya muzanta ɗaya ba, kuma a duk ƙasar Barnaba kaɗai ke da ikon yi wa wannan dattijo dariya a gaban jama'a.

Ya tsaya, ya leƙa, ya ga ƙafafu biyu sun fito daga ƙarƙashin mota. Ya ce, “Wane ne wannan ya mutu ba a gaya mini ba? A'a, bawana ne! Me kake nema a nan, ko gero ka ɓoye?”

Malam Irmiya ya ce daga ƙasa, “Wuce ka ba ni wuri, mai baƙin hannu. Ina gyara abin da irinku suka ɓata.”

Barnaba ya durƙusa, ya ga kwalta, ya ga tsumma. Sai ya fashe da dariya har keken ya faɗi. Ya ce, “Wayyo cikina! Ya yaɓe mota! Rifkatu, fito ki ga mijinki, saura ya ɗora mata hular ciyawa ya zuba dawa!” Da dariyar ta lafa, ya share hawaye, ya ce, “Kai, Irmiya, ban da wasa, cire waɗannan. Ta nan ruwa yake fita. Ka toshe su, motar nan za ta ruɓe.”

Amma ya faɗi haka bakinsa bai gama rufuwa daga dariya ba, kuma shekara sittin ke nan duk abin da ya fito daga wannan baki tsokana ce. Malam Irmiya ya ce, “Ta inda ruwa zai fita, ai ta nan zai shiga. In bai shiga ba, me zai fita? Je ka koya wa yaran garejinka, ni na girme ka da damina biyu.”

Barnaba ya ɗauki kekensa, ya ce, “To, ranka ya daɗe, sarkin laka. Ina nan ina jiranka.”

Damina ta sauka. Ruwan sama ya bugi gilashin ƙofa, ya gangara ta ɗan tsakanin gilashi da roba, ya shige cikin ƙofar kamar yadda yakan yi a kowace mota a duniya. Ya sauka ƙasa neman hanyarsa, ya tarar an rufe, ya zauna. Kowace Lahadi kuma motar takan ratsa rafi, ruwa da taɓo su shiga cikin dogayen ƙarafan ta kafofin sama, su ma su zauna. Daga waje kuwa babu motar da ta kai ta Malam Irmiya haske. Yakan goge ta safe da yamma, mutane suna cewa, “Dubi yadda dattijo yake riƙon abu.”

A damina ta biyu Rifkatu ta ce, “Maigida, ƙofar nan tawa ta yi nauyi. In ka taka burki kuma ina jin wani abu yana kaɗawa a ciki, kamar tulu a kan jaki.”

Ya ce, “Man tanki ne kike ji.”

Ta ce, “Tanki a ƙofa yake?”

Shi ma ya ji ƙarar, ya kuma san ba mai ba ne. Bayan 'yan makonni fenti ya kumbura a gindin ƙofar, ya yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Da ya danna ɗaya da farce sai wani jan ruwa ya tsattsafo. A nan maganar taubashinsa ta faɗo masa a rai. Amma ya tuna da dariyar, ya tuna keken da ya faɗi, ya ga in ya je garejin nan, kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Sai ya sayo farin fenti ya shafe ƙurajen. Da suka sake fitowa, ya sake shafewa.

A damina ta uku, ranar da za a kai Rifkatu wurin likita, suka kama hanya da hantsi. Suna hawowa daga mashigin rafi sai suka ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinsu, bayan motar ya karkace gefe guda, ƙofar Rifkatu ta saki, ta rataye a kan maƙali ɗaya. Da ba ta riƙe kujera da hannu biyu ba, da ta faɗa cikin ruwa. Malam Irmiya ya tsayar da mota. Ya dubi matarsa, ta dube shi, tana numfashi sama sama. Ya ɗaure ƙofar da igiya, ya ja motar a hankali kamar mai rakiyar gawa, bai tsaya ko'ina ba sai garejin Barnaba.

Ran kasuwa ce, garejin cike da direbobi da masu jiran gyara. Barnaba ya fito yana goge hannu, bakinsa ya riga ya buɗe domin tsiya. Sai ya ga Rifkatu a ciki, ya ga igiya, ya rufe bakin. Ya sa aka kawo mata kujera a inuwa, ya shiga ƙarƙashin motar da ɗan guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfen daga gaba zuwa baya. A wani wuri ƙarfen yakan amsa da ƙara mai daɗi, a wani wuri kuwa ya amsa kamar an bugi kabewa.

Ya fito, ya ce, “Ƙarfen hagu ya tsage a wuri ɗaya, amma bai rabu ba. Zan iya ɗora masa wani in yi walda. Ƙofar Rifkatu kuwa ta tafi, sai a nemo wata. In ka ƙara wata guda da ruwan nan a ciki, ko ni ko wanda ya ƙera ta ba mai iya tashinta.”

Malam Irmiya ya yi ƙasa da murya, ya ce, “To, ka bari kasuwa ta watse, sa'an nan ka sa a buɗe su.”

Barnaba ya ce, “Wuta ba ta kama ƙarfe mai ruwa a ciki. Sai ya tsiyaye ya bushe, rana kuwa yanzu take da ƙarfi. In an jira yamma, an rasa yau, gobe kuma hadari ne. Ban da haka, ni ban san inda ka bi ka liƙe ba, ka shafe su sumul. Wanda ya rufe shi ya san wurin.” Ya miƙa masa wata doguwar ƙusa.

Dattijon ya tsaya da ƙusa a hannu. Yana sanye da farar babbar riga, wadda yakan sa domin shiga gari. Direbobi sun zuba masa ido. Ya dubi inuwa, ya ga Rifkatu tana murza gwiwarta, ranar likita tana wucewa. Sai ya durƙusa a ƙasar gareji mai baƙin mai, ya lalubi gindin ƙofarsa, ya soka ƙusar, ya jawo tsumma.

Ruwa ya ɓarke, ja wur kamar jinin tsohon ciwo, mai wari, ya wanke masa hannu da gaban riga. Wani direba ya ce, “Kai! Baba, rijiya ka haƙa a ciki?” Aka yi dariya. Malam Irmiya bai ɗaga kai ba. Ya matsa ya soke ta biyu, ya soke ta uku, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, yana bin kafofin ɗaya bayan ɗaya, taɓo yana zubo masa a fuska. Kafin ya kai rabi dariyar ta mutu, har wani daga cikin direbobin ya tuɓe rigarsa ya shiga yana riƙe masa fitila.

Barnaba ya tsuguna kusa da kansa yana nuna masa da yatsa. Ya ce, “Waɗannan na ƙasa, hanyar ruwa ce. Wannan babba, ta nan ake sa hannu a kai ga noti. Wannan, waya ke bi. Waɗancan na jere, an rage wa ƙarfen nauyi ne a inda ba ya ɗaukar kaya. Wasu kuma tun a masana'anta aka yi su, domin a riƙe ƙarfen daidai sa'ad da ake haɗa shi, in an tsoma shi cikin maganin tsatsa kuma, maganin ya shiga ko'ina ya fito.”

Malam Irmiya ya taɓa wata 'yar kafa a gefe, ya ce, “Wannan fa?”

Barnaba ya duba, ya karkata kai, ya ce, “Wannan, shekara talatin ina ganinta, ban san aikinta ba. Buɗe ta kawai. Shafa bakinta ka ji, sumul yake, har da fenti a ciki. Wanda ya yi ta da gangan ya yi. Ga wadda ba shi ya yi ba.” Ya kama hannun dattijon ya kai shi inda tsatsa ta cinye, wuri mai kaifi da haƙora, yana marmashewa. “Wannan taka ce, bawana. Ita za mu toshe.”

Kwana tara motar ta yi a gareji. Aka samo wata ƙofa daga jikin wata matacciyar mota, shuɗiya ce, ba ta dace da farar akori-kura ba ko kaɗan. Barnaba ya ce a shafa mata farin fenti, Malam Irmiya ya ce a bar ta haka. Ran Lahadi ta gaba aka yi ruwa da sassafe, ya kawo Rifkatu majami'a, ta sauka ta shuɗiyar ƙofa. Da aka fito sujada, wata mata ta ga ruwa yana ɗiga daga gindin ƙofofin, ya yi layi a ƙasa. Ta ce, “Baba, motarka tana yoyo.”

Ya ce, “Na gani, 'yata. Bar ta ta yi.”

To, ya ku ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali, sai ku kasa kunne da natsuwa. Motar nan ran mutum ce, wanda ya ƙera ta kuwa Ubangiji ne, Mahaliccinmu. Bai yi mu kamar rumbu ba, wanda ake cikawa a rufe a ajiye wuri ɗaya. Ya yi mu domin hanya, domin ruwan sama da ƙetaren rafi, ya kuma sani sarai baƙin ciki zai shige mu, ɓacin rai zai shige mu, laifi ma zai shige mu, kome tsananin kulawarmu. Ba wanda ya isa ya hana ruwan nan shiga. Saboda haka, cikin hikimarsa, ya bar mana kafofin fita. Hawaye kafa ce. Bakin da zai iya cewa “na yi kuskure, ka gafarta mini” kafa ce. Gajiyar da take tilasta wa mutum ya zauna ya ce wa ɗan'uwansa “taimake ni” ita ma kafa ce, ta nan hannun wani yake shiga ya kai ga abin da ya kwance a cikinmu.

Amma mu, musamman mu da furfura ta sauko mana, muka ɗauki waɗannan abubuwa a kan aibi. Mun saba a ce da mu jarumai, sai muka narka girman kai muka bi su ɗaya ɗaya muka liƙe. Akwai wanda ya binne ɗansa bai zubar da hawaye ba, aka yabe shi, shekara goma ke nan ruwan yana kaɗawa a ƙirjinsa, matarsa tana ji, shi ma yana ji. Akwai wadda ta yi wa maƙwabciyarta mugun ƙazafi, ta san ta yi, amma kowace Lahadi sai ta ƙara shafa farin fenti ta zo ta zauna a layin gaba. Ku lura da kyau, Malam Irmiya ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta sa ya ɗauki kwalta. Kuskurensa shi ne ya auna aikin wani da ma'aunin sana'arsa, ya ɗauka abin da bai gane amfaninsa ba, ba shi da amfani. Wanda ya kusa faɗawa cikin rafi kuwa ba shi ba ne, ita ce wadda ya yi dukan wahalar dominta. Haka yake a gidajenmu. Mai toshe zuciyarsa yakan ce kansa kaɗai yake cuta, alhali na kusa da shi su ne suke jingine a ƙofar da take ruɓewa.

Kada kuwa wani ya fita daga nan ya ce, ashe kowace ɓaraka da ke cikina Allah ne ya yi ta, bari in bar ta. A'a. Akwai kafar da Mahalicci ya yi, akwai kuma wadda tsatsar zunubi ta ci, mai hankali yakan shafa ya bambanta. Ta farko ana buɗe ta a gode, ko da ba a san dalilinta ba, gama akwai raunin da za mu kai kabari ba mu gane abin da ya sa aka bar mana shi ba. Ta biyu kuwa sai an kai ta wurin Mai gyara, a sa mata wuta. Ku tuna kuma gargaɗi ya zo wa dattijon nan tun da sauran lokaci, amma ya zo ta bakin wanda ya saba rainawa, sai ya ƙi shi saboda bakin. Ubangiji ba ya neman izininmu kafin ya zaɓi wanda zai aiko mana.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, wanda ya san akwai ruwan da yake kaɗawa a cikinsa, kada ya jira kasuwa ta watse. Mai yiwuwa a yi maka dariya, mai yiwuwa rigarka ta ɓaci, abin da zai fito kuma ba zai yi ƙanshi ba. Fasto ba zai iya buɗe maka ba, matarka ma ba za ta iya ba, gama kai ka shafe wurin, kai kaɗai ka san inda yake. Ka durƙusa tun yau, da sauran rana, tun ƙarfen yana iya karɓar gyara. Ubangiji ya ba mu tawali'un yin haka. Amin.